Wa Ya Ɗebo Ruwan Biki? Sake Karanta L'Enfant noir na Camara Laye

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal a Nijar har ya kai kolej, da wuya a ce bai haɗu da Camara Laye ba. Wasunmu sun karanta littafinsa L'Enfant noir daga bango zuwa bango, wasu kuma guntaye kawai suka gani a darasin shifta. Amma da yawanmu mun haddace waƙen nan da ya buɗe littafin da shi, wanda ya sadaukar ga mahaifiyarsa, mun tsaya gaban allo mun karanto shi da ka, mushe na tsaye da bulala a hannu. Ni ma haka na san shi. Na yi kusan shekara ashirin ban sake buɗe shi ba, sai a kakar bara wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na je na nemo shi.

A gidan rediyon da nake aiki ina gabatar da wani shiri a daren Lahadi, inda masu sauraro ke bugo waya su ba da labarin yarintarsu. Wani dare layi ya ƙi kyau, kira ya ɗauke, sai na cike gurbin da nawa labarin. Na ba su labarin kokowar kaka da aka yi a ƙauyen kakannina cikin ƙasar Tasawa ina ɗan shekara bakwai. Na faɗi yadda aka share fage a bakin gari bayan an gama ɗaure damman hatsi, yadda ƴan kokowa suka zo daga garuruwan makwabta da warki da layu, makaɗa na biye da su, yadda ƴammata suka yi gaɗa a farin wata har kusan asuba, masu ƙosai da masu rake sun kunna aci-balbal sun kewaye fage. Na ce kwana uku aka yi ba wanda ya kwana da yunwa, baƙo da ɗan gari. Da layi ya dawo, kira ya yi ta shigowa. Kowa sai ya ce, "Allah sarki da! Yanzu ina za a ga haka?" Na koma gida ina jin na yi shiri mai kyau.

Washegari na je gaida Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni kai tsaye. Ashe ta saurari shirin. Bayan na gaishe ta na zauna, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki tambayi mai rediyo, ruwan da baƙin nan suka sha kwana uku, aljannu ne suka ɗebo shi?" Daga nan ta ci gaba da ba ƙanwata labari, ni kuwa ina sunkuye ina ji. Ta ce rijiyar garin gaba ashirin ce, su matan gidan tun kafin kiran sallar farko suke bakinta, igiyar guga ta saɓule musu tafin hannu, daga rijiya sai turmi, daga turmi sai murhu. Ita da goyo a baya ta yi kwanakin nan, ba ta ga kaye ko ɗaya ba, kiɗa kawai take jiyowa ta bayan darni. Ta ce kakana ne mai masaukin ƴan kokowa a shekarar, ya buɗe rumbu don kada garin ya ji kunya, kafin bazara ta tsaya rumbun ya ƙare. Kawuna ya sayar da bijimin gidan ya tafi cin rani Kano, bai dawo ba sai bayan an yi shuka. Na tuna lalle akwai shekarar da Kawu ba ya nan, amma ban taɓa haɗa rashinsa da waccan kokowar ba.

Ban faɗi ƙarya a rediyo ba. Duk abin da na ce na gani, na gan shi. Amma na tashi daga gaban Inna da nauyi a zuciya, kuma tambayar da ta biyo ni ita ce: a ina na koyi ba da labarin ƙauye ta wannan hanya? Amsar da na samu ita ce a aji, a wurin Camara Laye. Shi ya sa na koma gare shi, in ga ko shi ya yaudare ni, ko kuwa ni ne ban iya karatunsa ba.

Ga wanda bai san littafin ba, an haifi Camara Laye a 1928 a garin Kurusa, cikin ƙasar Gine, a gidan maƙera na kabilar Malinke. Ya yi karatun sana'a a Konakiri, daga nan ya tafi Faransa koyon kanikancin mota. A can cikin sanyi da kaɗaici, yana aiki a masana'antar ƙera motoci, ya rubuta labarin yarintarsa da Faransanci. Littafin ya fito a 1953, sunansa kuwa yana nufin yaro baƙar fata, ya kuma ci kyautar Charles Veillon a 1954. Labarin ya fara ne da yaro ƙarami yana wasa da maciji a tsakar gida, ya ƙare da saurayi a cikin jirgin sama, da taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris a aljihunsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai maƙerar mahaifinsa, inda mace za ta kawo zinariya tare da maroƙi mai kora don ya wasa maƙeri har ya yarda ya ajiye aikin da ke gabansa, akwai ɗan baƙin macijin da ke ziyartar mahaifin, akwai makaranta, akwai daren Kondan Diyara da bikin kaciya, akwai kuma Tindikan, ƙauyen kakarsa ta wajen uwa.

Babin girbin shinkafa a Tindikan shi ne wanda malamai suka fi so, shi ne kuma ya fi kama da labarin da na bayar a rediyo. Watan Disamba ne, sama ta washe. Da asuba kowane mai gida zai je gonarsa ya yanki damin farko, sai a buga ganga, maza su fito da lauje su jeru a bakin gona, su sunkuya tare, su riƙa waƙa tare. Ƙaramin kawun Laye shi ne gwanin yanka, yaron na biye da shi yana karɓar abin da ya yanka. Da rana ta take mata su fito daga gari a jere ɗauke da abinci. Da yamma a koma gida ana waƙa. Duk ɗan ƙauyen da ya taɓa zuwa gayya, ko da ta noman hatsi ce, zai gane wannan yanayin, domin Laye ya iya kama abin da ke faruwa idan mutane da yawa suka haɗa ƙarfi a kan aiki ɗaya har gajiya ta koma nishaɗi. Jimlolinsa ma kamar tafiyar masu yankan suke, suna gaba suna dawowa suna maimaita kansu. Ba na jin akwai mai musun gwanintarsa a nan.

Musun da aka yi a wani wuri yake, kuma tsoho ne. Tun littafin yana sabo, marubucin nan na Kamaru, Mongo Beti, ya soke shi a mujallar Présence Africaine, sannan a 1955 ya rubuta maƙalarsa mai suna Afrique noire, littérature rose, inda ya koka da irin adabin da ke shafa wa Afirka hoda. Ƙorafinsa a taƙaice shi ne: ta yaya ɗan Afirka zai rubuta labarin rayuwarsa a ƙarƙashin mulkin Nasara, a ce daga farko har ƙarshe bai ga wani abin ɓacin rai a wannan mulki ba? Lokacin da muke kolej ba a gaya mana wannan suka ba. Da na same ta daga baya, a makarantar koyon aikin jarida, sai na ɗauke ta maganar ɗan siyasa da ke son kowane littafi ya zama takardar zanga-zanga. Yanzu da na sake karatu da maganar Inna a kunnena, na ga Mongo Beti yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma shaidar tana cikin littafin kansa.

Tun a babin farko Laye ya gaya mana cewa gidansu yana daf da hanyar jirgin ƙasa. Har ya ce tartsatsin wutar jirgi yakan kama dangar gidan a yi ta gudun kashewa, kuma macizai sukan taru a wajen saboda zafin duwatsun hanyar da man da jirgi ke zubarwa. Wannan hanya ita ce wadda Faransawa suka ja daga Konakiri, ta iso Kurusa a 1910, ta kai Kankan a 1914, kuma da aikin tilas aka gina ta. Ba a soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, lokacin Laye yana da shekara 18. Ke nan duk yarintar da ya ba mu labari an yi ta ne a zamanin da ake iya kama mutum a kai shi aikin hanya, ana kuma karɓar haraji. A cikin masu lauje na Tindikan da wuya a rasa wanda abin ya shafa. Laye ya nuna mana karfen jirgi a ƙofar gida, ya nuna mana macijin da ke kwance a kansa, bai ce komai ba game da hannuwan da suka shimfiɗa shi. Yaro ɗan shekara biyar ba laifinsa ba ne idan bai sani ba. Amma wanda ya riƙe alƙalamin saurayi ne ɗan shekara 25, kuma ya sani.

Akwai wani gurbi kuma wanda ni ya fi ci mini rai, saboda shi ne ainihin tambayar Inna. A babin girbin, mata sun bayyana ne da tsakar rana, abinci na tururi a kansu, suka ajiye, aka ci, aka yaba. Wa ya sussuka, wa ya daka, wa ya ɗebo ruwa, ƙarfe nawa suka tashi, duk babu. Littafin da aka buɗe da waƙen yabon uwa, aka kuma rufe da kukan uwa, ya fi nuna mana ikonta na ban mamaki, kamar yadda ta umarci dokin da ya ƙi tashi ya tashi, da yadda take ɗiban ruwa a kogi kadoji ba su taɓa ta, fiye da gajiyarta ta yau da gobe. Ya girmama ta ƙwarai, ba shakka. Sai dai girmamawar ta ɗan da aka ajiye wa kwano ce, wanda bai taɓa leƙa madafa ba.

Da a nan na tsaya, da sai in ce Laye ne ya koya mini zaƙin baki, in rufe littafi. Amma karatun na biyu ya nuna mini wani abu da ban lura da shi ba ina ɗalibi, wanda kuma nake ganin Mongo Beti bai ba shi haƙƙinsa ba. A kusan kowane biki da Laye ya kwatanta, yakan tsaya ya nuna mana cewa shi a gefe yake. A Tindikan yana sanye da kayan ƴan makaranta, yana tsoron kada su yage ko su yi datti, yana sha'awar ƴan ƙauye da ke hawa ko'ina ba ruwansu. Da ya nemi kawunsa ya ba shi lauje ya gwada, kawun ya hana, ya nuna masa cewa wannan ba aikinsa ba ne, kuma da wuya ya zama aikinsa. A tsakiyar waƙa da ganga sai yaron ya shiga tunanin cewa rayuwarsa ba a gonar take ba, ba kuma a maƙerar mahaifinsa ba. A kan yankan damin farko ma, ya amsa cewa bai san ma'anar al'adar ba, domin lokacin da dattawan da za su gaya masa suke kusa bai kai shekarun tambaya ba, da ya kai kuwa ya riga ya bar ƙasar.

Haka abin yake a daren Kondan Diyara, inda ake tara yaran da ba a yi wa kaciya ba a kai su gindin wani babban rimi a bayan gari, su durƙusa su rufe ido, su ji rurin zakuna ta ko'ina. Laye ya tona mana cewa daga baya ya gane manyan samari ne ke wulwula wasu ƴan allunan katako da aka ɗaura wa igiya. Amma fararen zaren da ake wayar gari a gani a ƙololuwar rimin da kan ɗakuna, ya ce bai samu cikakken bayaninsu ba, don ya bar Kurusa kafin lokacin da za a sanar da shi. A rawar kaciya kuwa, inda dangi ke ɗaga alamar sana'ar da yaro zai gada, kishiyar mahaifiyarsa ta shigo fage tana ɗaga littafin rubutu da alƙalami. Ita da alheri ta yi, shi kuwa kunya ta kama shi a gaban tsaransa. Tun a babin farko ma mahaifinsa ya gaya masa tsoronsa, cewa yaron ba ya zama kusa da shi yadda ya kamata, kullum yana makaranta, wata rana kuma zai tafi.

Idan aka jera waɗannan wurare, sai a ga mulkin Nasara yana cikin littafin, ya shigo ta ƙofar da Laye ya fi sani, wato makaranta. Ba ta dake shi da bulalar gardi ba, amma ta ɗauke shi daga maƙera, ta hana shi lauje, ta raba shi da uwarsa, ta bar shi da bukukuwan da ya gani da ido bai san cikinsu ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Zaƙin littafin nan daga ɗacin ɗakin haya a Faransa ya fito, kuma Laye bai ɓoye mana hakan ba. Wannan amsa laifi, cewa ni baƙo ne a bikin gidanmu kuma ga iyakar abin da na sani, ita ce ta hana littafin zama ƙarya. Ba ta cike gurbin aikin tilas ba, ba ta cike na mata ba, amma ta gargaɗi mai karatu cewa akwai gurbi.

Wanda ke son ya ga yadda labarin yake idan ya fito daga bakin wadda ke cikin gida, ba sai ya yi nisa ba. Shekara ɗaya bayan littafin Laye, a 1954, aka buga labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950. Baba ma ta tuna yarinta da daɗi: wasan ƴammata, ƙawance, kasuwa, kiɗan biki, lalle da kai amarya. Amma a cikin numfashi ɗaya take faɗin bayin da ke rinjin gidansu, da mahara masu kama mutane, da yadda ake tara kuɗi a fanso dangi, da aurenta huɗu da rashin haihuwarta. Ba ta ware daɗi gefe ta ware wahala gefe ba, saboda a rayuwarta tare suka zo. Ba ta da ƙwarewar jimla irin ta Laye, labarinta ma ta hannun wata ya iso gare mu. Duk da haka idan ta kwatanta biki, za ka san wa ya kawo me, wa ya dafa, wa aka bi bashi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a bakin mai ita ne ake jin inda take da ciwo.

To ina laifina, ni da ire-irena masu rubutu da masu magana a rediyo? Laifinmu shi ne mun ɗauki zumar Laye mun bar gargaɗinsa. Yawancinmu da ke rubuta labarin ƙauye yau irinsa ne: ƴan boko, mazauna birni, waɗanda aka kai ƙauye hutu, kaka ta yanka mana kaza ta hana mu aiki. Mun ga biki daga inuwa da ƙosai a hannu. Shi ya faɗi haka game da kansa, mu kuwa sai mu hau murya kamar mu ne dattawan gari, mu ce da can kowa ƙoshe yake, kowa na son kowa, mu kammala da zagin zamani. Illar ba ƙarama ba ce. Yaron da ke ƙauye yau, wanda gonar gidansu ta tsuke, ruwan sama ya zama na caca, idan ya ji mu sai ya ɗauka shi ne aka haifa a baƙar rana, alhali kakansa ma ya ga shekarun da rumbu ya ƙare kafin shuka. Matan da suka ɗauki nauyin waɗannan bukukuwa kuma, da yawansu suna raye, suna jin mu a rediyo muna ba da labarin kwanakin da suka fi wahala a cikinsu ba tare da mun ambace su ba.

Shi Laye bai tsaya inda muka tsaya ba. Ya koma Gine, ya yi aiki da gwamnatin Seku Ture, suka saɓa, ya yi hijira zuwa Senegal. Littafinsa Dramouss na 1966 cike yake da ɗacin siyasar da aka ce ya kauce wa. Littafinsa na ƙarshe kuwa, Le Maître de la parole na 1978, tarihin Sunjata ne da ya ɗauko daga bakin wani tsohon maroƙi, Babu Konde. Mutumin da ya ce ya tafi kafin ya kai shekarun tambaya, ya dawo ya zauna gaban dattijo ya yi tambaya. Ya rasu a Dakar a 1980. Ina ganin wanda zai karantar da L'Enfant noir a aji ya kamata ya haɗa da wannan, ya kuma nuna wa ɗalibai karfen jirgin nan na babin farko ya tambaye su wa ya shimfiɗa shi.

Har yanzu ina ba duk mai son rubutu shawarar ya karanta littafin, ya kuma karanta shi sau biyu. Ni dai abin da na canza kaɗan ne. A shirin daren Lahadi, idan mai sauraro ya gama ba da labarin bikin garinsu, nakan tambaye shi wa ya yi girki, kuma bayan biki me ya rage a rumbu. Wasu sukan yi dariya su ce ba su taɓa tunani ba. Wasu sukan yi shiru, sannan su ce bari su tambayi tsohuwarsu. Mata kuwa sun fara bugowa fiye da da. Na roƙi Inna, ta bakin ƙanwata, ko za ta yarda in naɗi muryarta ta ba da labarin waccan kokowar yadda ta gan ta. Ta ce ita ba ta ga kokowa ba, rijiya ta gani. Na ce a gaya mata labarin rijiyar nake so. Har yau ba ta amsa ba, amma ba ta ce a'a ba.